Tsakanin Holanci Da Kecuwa: Darasin Da Na Koya Daga Ƙuri'ar Malam

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin kwatanta harsuna ya shigo aji riƙe da wata 'yar leda cike da ƙuri'u. A jikin kowace takarda ya rubuta sunayen harsuna biyu, ya ce kowa ya sa hannu ya ɗauki rabonsa, ya je ya rubuto bambancin da ke tsakaninsu. Wasu suka dace da Larabci da Sawahili, wasu Yarbanci da Faransanci. Ni kuwa da na warware tawa sai na ga harshen mutanen Holan da wani wai shi Kecuwa. Aji ya fashe da dariya, domin babu wanda ya taɓa jin sunan na biyun.

Bayan mako biyu na kai aikina, ina ji da kaina. Na ja layi a tsakiyar takarda, na jera abubuwan da Holanci yake da su a hagu, a dama kuwa sai "babu" nake ta rubutawa: babu jinsi, babu ɗafa-goshi, babu wasula da yawa. Daga ƙarshe na yanke hukunci cewa Kecuwa bai kai Holanci wadatar nahawu ba. Da Malam ya dawo mini da takardar, sai na tarar ya rubuta da jan biro: "Ka shiga gidan mutane kana lissafa abin da babu. Koma ka dubo abin da ke akwai."

Wannan maƙala sakamakon komawar da na yi ce. Na kawo ta ne don 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan aji ɗaya da aji biyu, su guje wa ramin da na faɗa. Zan riƙa taɓo Hausa nan da can, domin da ita na gane abubuwa da yawa da Ingilishi ya ɓoye mini.

2.0 Su Wane Ne Harsunan Nan Biyu?

Holanci shi ne harshen da Ingilishi ke kira Dutch, masu shi kuma suna kiran sa Nederlands. Ɗan gidan harsunan Indiya da Turai ne, a reshen Jamusanci na yamma, wato ɗan'uwan Jamusanci da Ingilishi ne na kusa. Kimanin mutum miliyan 25 ne suka tashi da shi. Harshen hukuma ne a Holan da Beljiyam da Surinam, da tsibiran Aruba da Kurasawo da Sint Maarten. Shi ne kuma ya haifi Afirkans na Afirka ta Kudu, wanda ya tsiro daga bakin 'yan Holan da suka fara zama a can a 1652.

Kecuwa kuwa harshen tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka. Da yawa daga masu shi suna kiran sa Runa Simi: runa mutum, simi baki, wato "bakin mutane". Ana jin sa a Peru da Bolibiya da Ekwado, da wasu sassan Ajantina da Kolombiya. Ƙiyasin masu magana da shi yana kaiwa tsakanin miliyan 7 zuwa 10, kuma ƙidayar Peru ta 2017 ta sami kimanin mutum miliyan 3.8 da suka ce shi ne harshensu na farko. Daular Inka, mai hedikwata a Kusko, ta yi mulki da shi, amma ya girme ta.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, Kecuwa ba harshe ɗaya ba ne kamar Holanci. Gida ne guda. A 1963 da 1964, masana biyu, Gary Parker da Alfredo Torero, kowa ta nasa ɓangaren, suka raba shi manyan rassa biyu: na tsakiyar Peru, da kuma wanda ya bazu kudu da arewa. Mutumin Ankash da mutumin Kusko ba sa fahimtar juna cikin sauƙi. Misalan da zan kawo na Kecuwar kudu ne, wadda ta fi yawan jama'a.

Babu wata dangantaka ta asali tsakanin harsunan biyu, ko tsakanin ɗayansu da Hausa. Na faɗi haka ne domin na san mu da son haɗa zumunta da kalma ɗaya. A Kecuwa, wawa na nufin jariri, kuka kuma ganyen koka ne. Kama da wane ba ta wane.

3.0 Tsarin Sauti

3.1 Wasula

Holanci mai arzikin wasula ne. Yadda aka saba ƙirgawa, yana da tilon wasula 13 da tagwan wasula 3. Wani abin da zai burge ɗalibin Hausa shi ne, rubutunsa yana nuna bambancin da namu yake ɓoyewa:

man (namiji), maan (wata)
tak (reshe), taak (aiki)
bom (bam), boom (bishiya)

Kecuwar kudu kuwa wasula 3 kacal gare ta: a, i, u. To amma mai saurare zai ji e da o. Dalili shi ne akwai baƙin q, wanda ake furtawa can baya wajen beli, kamar ƙaf ɗin Larabci. Duk lokacin da i ko u ya kusance shi, sai ya sauko ya zama e ko o. Shi ya sa killa (wata) ake jin ta yadda aka rubuta, amma qilla (malalaci) ake jin ta qella. Sunan birnin Kusko ma, Qusqu ake rubutawa, a furta Qosqo. Wannan shi ne abin da muke karantawa a darasin tsarin sauti: ƙwayar sauti ɗaya mai fuska biyu, muhalli ne ke zaɓar fuskar da za ta fito.

Batun bai tsaya a aji ba. A 1985 gwamnatin Peru ta amince da rubutu mai wasula 3, amma Cibiyar Harshen Kecuwa da ke Kusko ta tsaya a kan 5. Shi ya sa za ka ga kalma ɗaya da rubutu iri biyu, gwargwadon wanda ya buga littafin.

3.2 Baƙaƙe Da Gaɓa

A nan reshe ya juya da mujiya. A karin Kusko da na Bolibiya, kowane tsayau yana da fuska uku: sassauƙa, da mai huci, da tunkuɗau. Misalin da aka fi kawowa shi ne:

tanta (taro)
thanta (tsumma, abin da ya tsufa)
t'anta (burodi)

Ranar da na gano cewa k' ɗinsu, kamar a k'aspi (sanda), shi ne ƙ ɗinmu na ƙasa da ƙofa, sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a tasha. Bature zai sha wuya kafin ya furta shi, Bahaushe kuwa a bakinsa ya tashi da shi. Sai dai su tunkuɗau 5 gare su: p', t', ch', k', q'. Karin Ayakuco ba shi da ko ɗaya, kuma masana da yawa na danganta samuwarsu a Kusko da daɗewar maƙwabtaka da harshen Aimara. A ɗaya hannun, kalmomin asali na Kecuwar kudu ba su da b da d da g.

Wahalar Holanci tana wajen cunkoson baƙaƙe. Kalmar herfst (kaka) gaɓa ɗaya ce, da wasali ɗaya, da baƙaƙe huɗu a bayansa. Kalmar schrijven (rubutawa) da baƙaƙe uku ta fara. Kecuwa ba ya yarda da haka: gaɓarsa ba ta wuce baƙi, wasali, baƙi, daidai da tamu. Sa'annan Holanci yana kashe zizar baƙin ƙarshe, don haka hond (kare) hont ake furta ta, sai a jam'i, honden, d ɗin ke dawowa.

Daga daidaitaccen Holanci har Kecuwa babu mai karin sauti irin na Hausa. Nauyin murya suke ɗora wa gaɓa ɗaya. A Kecuwa dokar ba ta da wuya: gaɓar kusa da ƙarshe ce ke ɗauka, kuma nauyin yana matsawa gaba duk lokacin da aka ƙara ɗafi: WAsi, wasiKUna, wasikuNApi. A Holanci kuwa sai ka koyi na kowace kalma, har yakan sauya ma'ana: VOORkomen faruwa, voorKOmen hanawa.

4.0 Ginin Kalma

Nan ne zuciyar bambancin. Kecuwa harshe ne mai jera ɗafi. Saiwa tana tsayawa a gaba ba ta motsi, ɗafa-ƙeya suna biyo ta ɗaya bayan ɗaya kamar taragun jirgin ƙasa, kowanne da aikinsa guda:

wasi: gida
wasi-y: gidana
wasi-kuna: gidaje
wasi-y-kuna: gidajena
wasi-y-kuna-pi: a gidajena
wasi-yki-kuna-manta: daga gidajenka

Abin da Kecuwa ya faɗa da kalma ɗaya, wasiykunapi, Holanci da uku zai faɗe shi: in mijn huizen. Wato aikin da Holanci ke ba 'yan ƙananan kalmomi a gaban suna, Kecuwa ɗafi yake ba shi a bayan suna. Da na rubuta "babu" a aikina na farko, a gaban kalma nake nema, alhali kayan suna baya.

Jam'i ma haka. Kecuwa hanya ɗaya gare shi, -kuna, kuma idan an ambaci adadi ana iya barin ta: iskay wasi, gida biyu, yadda mu ma muke cewa. Holanci kuwa yana da -en da -s da -eren, wani lokaci har saiwar ta sauya:

huis, huizen (gida)
tafel, tafels (tebur)
kind, kinderen (yaro)
stad, steden (birni)

Wanda ya sha fama da jam'in Hausa ba zai yi wa Holanci dariya ba.

A wajen aikatau, Holanci yana da masu bin doka, kamar werken, werkte, gewerkt (yin aiki), da masu sauya wasalin ciki, kamar drinken, dronk, gedronken (sha) da zien, zag, gezien (gani). Waɗannan sai hadda. A Kecuwa, idan ka iya sarrafa aikatau ɗaya ka iya sauran: rima-ni na yi magana, rima-nki ka yi magana, rima-n ya yi magana. Har karɓau ana iya cusawa a ciki: rikuyki na gan ka, rikuwanki ka gan ni.

Akwai wasu ɗafe guda biyu da suka sa na ajiye biro na yi murmushi. Na farko shi ne -chi-, mai nuna sa wani ya yi abu:

yachay (sani), yachachiy (koyarwa)
mikhuy (ci), mikhuchiy (ciyarwa)
wañuy (mutuwa), wañuchiy (kashewa)

Wannan ai aikin giredi na biyar ne a Hausa: sani, sanar, ci, ciyar. Holanci kuwa ko dai ya sauya kalma ɗungurungum, sterven (mutuwa) da doden (kashewa), ko ya kawo mataimaki, zien (gani) da laten zien (nunawa). Na biyu shi ne -mu-, wanda idan ya hau aikatau na motsi yake nuna tahowa wajen mai magana: apay ɗauka a tafi da abu, apamuy kawowa. Giredi na shida ke nan, kai da kawo.

Kada a ɗauka Holanci ba shi da dogayen kalmomi. Yana da su, amma ta wata hanya yake samun su, wato harhaɗa kalma da kalma: ziekenhuis (gidan marasa lafiya, asibiti), woordenboek (littafin kalmomi, ƙamus), handschoen (takalmin hannu, safar hannu). Doguwar kalmar Holanci yawanci suna ce guda. Doguwar kalmar Kecuwa kuwa tana iya zama cikakkiyar jimla.

5.0 Ginin Jimla

Dokar da ta fi ba mai koyon Holanci wahala ita ce mazaunin aikatau. A babbar jimla, aikatau mai ɗauke da lokaci dole ya zo na biyu, ko me aka fara da shi:

Ik koop vandaag brood. (Ni saya yau burodi.)
Vandaag koop ik brood. (Yau saya ni burodi.)

Ka ga da "yau" ta shigo gaba, sai aikau ya koma bayan aikatau. Idan kuma jimlar ta rataya a jikin wata, aikatau ƙarshe yake tafiya:

... omdat ik vandaag brood koop. (... saboda ni yau burodi saya.)

Wani aikatau ma rabewa yake yi gida biyu. Opstaan shi ne tashi, amma "ina tashi da ƙarfe shida" ita ce Ik sta om zes uur op. Sai ka jira ƙarshen jimla kafin ka tsinci sauran kalmar.

Tsarin Kecuwa na yau da kullum shi ne aikau, karɓau, aikatau. Amma da yake karɓau yana ɗauke da tambarinsa, -ta, ana iya jujjuya kalmomi ma'ana ba ta ɓace ba:

Allqu runa-ta kanin. (Kare ya ciji mutum.)
Runa-ta allqu kanin. (Kare ya ciji mutum.)

A Holanci, idan ka juya De hond bijt de man ta koma De man bijt de hond, mai karatu zai ɗauka mutumin ne ya yi cizon.

Tambaya a Holanci da juya tsari ake yin ta: Jij komt (kana zuwa), Kom jij? (kana zuwa?). Kecuwa ɗafi yake liƙawa: Hamunki-chu? Korewa kuwa, Holanci kalma ɗaya yake sakawa, niet ko geen. Kecuwa kewaye abin da ake korewa yake yi gaba da baya, kuma yana bambanta korewa da hani:

Mana yachani-chu. (Ban sani ba.)
Ama riy-chu. (Kada ka tafi.)

Mana da -chu su ne "ba ... ba" ɗinmu, ama kuma "kada". Haka nan Kecuwa ba shi da aikatau na mallaka irin hebben na Holanci. Inda ɗan Holan zai ce Ik heb een huis, shi wasi-yuq kani zai ce, wato "ni mai gida ne", kusa da yadda muke cewa "ina da gida".

6.0 Abin Da Kowane Harshe Ke Matsa Wa Mai Shi Ya Faɗa

Masanin harshe Roman Jakobson ya yi wata magana a 1959 wadda ma'anarta ita ce, ainihin bambancin harsuna yana wajen abin da suke wajabta wa mai magana ya bayyana, domin kowanne yana iya faɗin komai. Da wannan ma'auni na sake duba harsunan biyu.

6.1 Jinsi

Duk sunan Holanci yana cikin ɗayan rukuni biyu: na de ko na het. Waɗannan kalmomi su ke yin aikin da -n da -r suke yi a "gidan" da "motar". Ana cewa de man (namijin), de vrouw (matar), de tafel (teburin), amma het huis (gidan), het kind (yaron). Duk kalmar da aka ƙanƙanta da -je rukunin het take faɗawa, shi ya sa yarinya ma het meisje ce. Sifa kuma tana bin sawu: een groot huis (babban gida), een grote tafel (babban tebur).

Kecuwa ba ruwansa da wannan. Kalma ɗaya, pay, ita ce "shi", ita ce "ita". Amma ka zo wajen dangi ka ga ikon Allah. A Holanci ɗan'uwa broer ne, 'yar'uwa zus, shi ke nan. A Kecuwa sai an san jinsin mai ɗan'uwan:

wawqi: ɗan'uwan namiji
tura: ɗan'uwan mace
pana: 'yar'uwar namiji
ñaña: 'yar'uwar mace

Uba yana kiran ɗansa churi, uwa kuwa wawa take ce wa ɗanta ko 'yarta. Ashe jinsin da na ce babu, yana nan, wurin zama ya sauya.

6.2 "Mu" Iri Biyu

Idan mai gida ya ce "za mu ci abinci" alhali kana zaune, sai ka karanci fuskarsa kafin ka san ko da kai. Matsalar wij ta Holanci ke nan, ita ce kuma ta "mu" ta Hausa. Kecuwa ya raba gardama: ñuqanchik mu har da kai, ñuqayku mu ban da kai. Aikatau ma yana bi: rimanchik da rimayku. Lokacin da gidan talabijin na gwamnatin Peru ya fara labarai da Kecuwa a watan Disamba na 2016, Ñuqanchik aka sa wa shirin. Duk mai jin harshen ya san an gayyace shi.

6.3 Gani Ya Kori Ji

Wannan shi ne abin da ya fi ƙayatar da ni. Kecuwa yana da ɗafe masu nuna inda mai magana ya samo labarinsa:

Parachkan-mi. (Ana ruwa, na tabbatar da kaina.)
Parachkan-si. (Wai ana ruwa, gaya mini aka yi.)
Parachkan-chá. (Ƙila ana ruwa, zato nake yi.)

Tatsuniya da labarin da aka gada da -si ake ba da su, domin mai bayarwa bai halarta ba. A karin Kusko ana samun jimlar da ba ta ɗauki ko ɗaya ba, amma mai saurare zai ɗauke ta a matsayin abin da ka tabbatar. Ke nan idan jita-jita ka kawo ba ka sa -si ba, ka ɗora wa kanka alhakinta. Akwai kuma shuɗaɗɗen lokaci iri biyu: -rqa- na yau da kullum, da -sqa- na abin da ya faru ba da saninka ba, sai daga baya ka farga. Puñurqani na yi barci, puñusqani ashe barci na yi.

Holanci ma yana iya nuna ji: Hij zou ziek zijn, wai ba shi da lafiya, kuma 'yan jaridarsu suna yawan amfani da shi. Mu ma muna da "wai" da "ashe" da "ƙila". Bambancin shi ne a wurinmu da su ɗan Holan kalmomi ne da ake ɗauka idan an ga dama, a Kecuwa kuwa an saƙa su cikin nahawu.

Inda Holanci ya yi fice shi ne 'yan kalmomin gyara zance: maar, toch, even, eens, wel. Kom! umarni ne tsagwaronsa, Kom maar kuwa kamar "zo mana" ce. Aikinsu ya yi kama da na dai, fa, kam, ma, kuwa. Yana kuma da u ta girmamawa da jij ta sabo. Kecuwa qam yake ce wa kowa, ladabinsa yana cikin ɗafi irin -lla- da kiran mutum tayta (baba) ko mama.

7.0 To Me Ya Sa Ɗaya Ya Yi Gaba?

Tun da nahawu bai nuna fifiko ba, me ya sa ake karantar likitanci da shari'a da Holanci, alhali iyaye da yawa da suka koma Lima suna barin Kecuwa su rungumi Sifaniyanci saboda 'ya'yansu? Amsar tana cikin tarihi, kuma abin mamaki, tarihin nasu ya taɓa haɗuwa.

A 1532 Francisco Pizarro ya kama Sarkin Inka Atahualpa a Kajamarka. A rabi na biyu na ƙarni na 16, Holan da Peru duk suna ƙarƙashin sarki ɗaya, Filibus na Biyu na Sifen. An buga nahawun Kecuwa na farko, na Domingo de Santo Tomás, a 1560. Nahawun Holanci na farko da aka buga, Twe-spraack, sai a 1584 ya fito, shekara 24 bayan haka. A wannan shekarar ce kuma aka buga littafin koyar da addinin Kirista a Lima cikin Sifaniyanci da Kecuwa da Aimara. Wanda ya ce Kecuwa bai san takarda ba sai jiya, bai duba tarihi ba.

Daga nan hanya ta rabu. 'Yan Holan sun yi tawaye a 1568, suka yi shekara 80 ana fafatawa har Sifen ta amince da 'yancinsu a 1648. Azurfar Potosi, wadda aka tilasta wa mutanen Andis haƙowa, tana cikin dukiyar da Sifen ta riƙa kashewa a yaƙe-yaƙenta na Turai, har da wannan. Da 'yanci ya samu, Holanci ya zama harshen gwamnati da kasuwanci da jiragen ruwa. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1637 ta taimaka wajen daidaita shi. Babban ƙamusunsa an fara fitar da shi a 1864, ba a kammala ba sai 1998. A 1980 Holan da Beljiyam suka kafa hukumar harshe ta haɗin gwiwa, daga baya Surinam ta shigo.

Kecuwa kuwa ya ci gaba da zama harshen waɗanda ake mulka. A 1770 Sarkin Sifen ya ba da umarnin a yaɗa Sifaniyanci a kawar da harsunan 'yan ƙasa, kuma bayan kashe Tupak Amaru na Biyu a Kusko a 1781 aka ƙara matsawa. Sai a 1975 Peru ta ba shi matsayin harshen hukuma, shekarar da Surinam ta sami 'yanci ta kuma riƙe Holanci. Tsarin mulkin Ekwado na 2008 da na Bolibiya na 2009 sun ba shi gurbi. A 2019 Roxana Quispe Collantes ta kare kundin digirinta na uku da Kecuwa a Jami'ar San Marcos ta Lima, karo na farko a jami'ar da aka kafa tun 1551.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa Holanci ya tara wasula, Kecuwa ya tara tsayau. Holanci yana aiki da tsarin kalmomi da 'yan ƙananan kalmomi, Kecuwa da ɗafa-ƙeya. Ɗan Holan ba ya ambaton suna sai ya san rukuninsa, mai Kecuwa kuma yana nuna ko da kai a cikin "mu", da inda ya samo labari. Tazarar da ke tsakanin matsayinsu a yau kuwa mulki ne ya haifar da ita.

Shawarata ga wanda ƙuri'a za ta faɗo wa a zango mai zuwa ita ce, kada ya auna baƙon harshe da mudun Ingilishi. Ya fara da tambayar wane aiki ake son yi a jimla, sa'annan ya nemi abin da ke yin aikin, ko a gaban kalma yake, ko a bayanta, ko a tsarin jimla. Da na mayar wa Malam aikin karo na biyu, ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "To, yanzu ka shiga gidan."

Ga ɗan gwaji kafin fitowa ta gaba. A Kecuwa chakra gona ce, llaqta gari, -n na nufin "nasa", -man kuma "zuwa". Mene ne ma'anar chakraykunapi da llaqtanmanta? Yaya za ka ce "zuwa gidajenka"? A Holanci kuma, Ik drink nu water na nufin "ina shan ruwa yanzu". Sake rubuta jimlar, ka fara da nu. Duk abin da ake buƙata yana cikin sashe na 4.0 da na 5.0.